Zambon da Danda Ya Yi wa Mushe Ishaƙu

Danda maroƙi ne, ɗan maroƙi, jikan maroƙi, kuma a duk faɗin komin, wato ƙaramar hukumar Kukar Sambo, can tsakanin Tasawa da Mayahi, ba wanda ya kai shi ƙarfin maƙogwaro. Da ya kawo ƙarfi sai meri, wato ma'aikatar magajin gari, ta ɗauke shi mai shela, aka rataya masa amsa-kuwwa mai batir a kafaɗa. Ranar allurar yara shi ne, ranar sakin dabbobi a gonaki bayan girbi shi ne, jakin wani ya ɓace shi ne. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma amsa-kuwwar nan ita ke sa a kira shi suna da biki, don kowa yana son a ji sunan kakansa har bayan gari. Da ita ya ciyar da matarsa Habsatu da ƴaƴansu.

Ƙa'idar roƙo ba ta da wuyar ganewa. Ka wasa mutum, ka tono masa kakanni, kansa ya kumbura, ya sa hannu a aljihu. In ya yi kunnen uwar shegu, ka juya harshe ka yi masa zambo har sai ya biyo ka gida da kyauta yana ba da haƙuri. Haka Danda ya gada, haka ya yi ta yi, bai taɓa jin kunyar abin ba.

Sai aka zaɓi Mushe Ishaƙu magajin gari. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, siriri, mai tabarau da aka ɗaure wa ƙafa da zare, shi ya sa har ya hau kujera ba a daina ce masa Mushe ba, yadda ake kiran malaman boko da harshen Faransa. Ranar da aka rantsar da shi Danda ya sha kunun kanwa ya gyara murya, ya ɗaga amsa-kuwwa ya fara jero kakanni. Bai kai ga na uku ba Mushe ya ɗaga masa hannu.

"Danda, ka huta," in ji shi. "Aljihuna ba komi, kuɗin meri kuma ba nawa ba ne. In ka wasa ni asarar yawu kawai za ka yi."

Mutane suka kwashe da dariya, kowa ya gyara kunne yana jiran zambo. Danda ma ya fara haɗa shi a ransa, yana jira ya nuna.

Kafin zambon ya nuna damina ta kawo kai, rigimar burtali ta taso. Burtalin nan hanyar shanu ce da ke gangarowa daga wajen Issawane, manoma sun yi ta gutsurar sa kunya-kunya har ya kai shanu biyu ba sa iya jerawa, kuma kowace shekara sai an fasa wa wani kai. Mushe ya fita da turaku, da maigari, da ardon Fulani, ya fara da gonar yayansa uwa ɗaya uba ɗaya. Yayan ya zo a fusace ya zazzage shi gaban jama'a, har da cewa ya yi da-na-sanin goya shi yana yaro. Mushe ya tsuguna kamar yadda ƙane ke yi, kansa a ƙasa, yana ta cewa, "Yaya, ka yi haƙuri." Amma hannunsa yana kan turken, bai matsar da shi ko taƙi ba. Daga nan aka shiga gonar Danda, ita ma aka yanke mata baki. Danda ya tsaya yana kallon hannun Mushe a kan turken.

Tun daga ranar wani abu ya shiga zuciyar Danda wanda shi kansa bai san sunansa ba. Ƙauna ce, in za a faɗi gaskiya, irin wadda ba ta jin magana. Shi ne ɗaukar jakar Mushe, shi ne tura masa tsohuwar motonsa mai ƙafa biyu in ta ƙi tashi, shi ne zaman ƙofar meri yana korar masu zuwa da zabi a hammata don a sa musu hannu a takarda. Ba wanda ya sa shi, kuma ba abin da ya samu. Habsatu ta yi mita har ta gaji.

"Kowane maroƙi ya bi nashi ya dawo da riga," takan ce. "Kai ka bi malamin lakwal ka dawo da ƙaya a ƙafa. Ko asiri ya yi maka?"

"Da mi zai biya bokan?" in ji Danda.

Ana nan sai Alhaji Nasiru ya shigo maganar. Ɗan kasuwar aya da wake ne, mai fara'a da sakin hannu, kuma ba mugu ba ne irin na tatsuniya. Shi dai ya saba duk abin da ya miƙa wa hannu ya zo masa. Wannan karon makiyayar da ke arewacin gari, wato filin kiwo, ya miƙa wa hannu, yana so ya kewaye ta da waya ya yi gona. Mushe ya ƙi sa hannu. Sai konseye, wakilan jama'a a majalisar komin, suka fara son shayin zauren Alhaji fiye da na gidajensu. Bayan girbi suka zauna, suka ɗaga hannuwa, suka sauke Mushe suka ɗora Alhaji. Makiyaya suka kai maganar filin gaban alƙali a Tasawa, kuma kowa ya san Mushe ne babban mai shaida. Shi ya sa Alhaji yake so sunan Mushe ya zube kafin ranar shari'a.

Ya aika aka kira Danda, aka ba shi kujera, abin da ba a taɓa yi masa ba.

"Ran kasuwa za mu yi taron godiya," in ji Alhaji. "Ina so ka yi mini aiki irin na ubanka. Ka wanke mini malamin ga tas, mutane su yi dariya su manta da shi."

"Alhaji, in wasa ka dai, wannan ba wuya."

"Masu wasa ni sun yi yawa. Zambo nika so." Ya kalli amsa-kuwwar da ke cinyar Danda, yana murmushi. "Wagga aba ta meri ce, ka sani. Kuma duk mai biki a garin ga sai ya leƙo zaurena kahin ya kira maroƙi."

Danda ya fito daga zauren. Bai bi ta gida ba, ya zarce gidan Mushe.

Ya same shi a tsakar gida a kan tabarma, yana gyaran igiyar guga. Ƙofar ɗakin matarsa Furera a buɗe take, Danda ya hango bangon da dā yake cike da jeren kwanoninta na aure, yanzu ba komai sai zagayen da gindinsu ya bari. Ya san inda suka tafi, don shi ya kai su kasuwar Tasawa kaɗan-kaɗan a cikin buhu, ya sayar, ya kawo mata tsabar hatsi. Ranar farko ta ce masa, "Malam Danda, wannan tsakanina da kai ne." Ya ce mata ko kabarinsa ba zai ji ba.

Ya tsuguna ya kwashe duk abin da Alhaji ya ce ya faɗa wa Mushe. A ransa yana jiran ya ga fuskar mutumin ta canza, ya ce masa, Danda kada ka yi mini haka. Da ya faɗi hakan, da Danda ya je ya jefa wa Alhaji amsa-kuwwarsa a zaure yana murna.

Mushe bai ko ɗago daga igiyarsa ba. "To mi ka tsaya yi? Ka zage ni mana."

"Mushe, ni?"

"Kai. Bakinka shi ne gonarka, kuma waccan gonar na riga na rage maka ita. Ka ce rowa gare ni, gaskiya ne. Ka ce taurin kai gare ni, shi ma gaskiya ne. In an karɓe abin nan daga kafaɗarka ba ni da abin da zan ba ka, kuma Habsatu da yara ba su zaɓe ni ba balle su sha wuya domina. Ka je ka yi aikinka."

Wannan magana ta yi wa Danda zafi fiye da barazanar Alhaji. Shekara da shekaru yana bin mutum, ashe mutumin bai ma ɗauka yana da buƙatarsa ba. Ya tashi ya fita ko sallama bai yi ba, abin da ya faɗa wa Habsatu a gida kuwa shi ne ciwon kai yake yi.

Washegari da sassafe zama ya gagare shi, ya fita yana tafiya ba inda ya nufa, har ƙafa ta kai shi bayan gari inda wani kamfani ke haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse. Shugaban masu haƙar Ba'indiye ne mai suna Suresh, mutanen gari suka sauƙaƙa wa harshensu suka mai da shi Surajo. Ya daɗe a Maraɗi, ya iya Hausa irin ta kasuwa. Danda da ya tashi da kallon fim ɗin Indiya ya zaci duk Ba'indiye rawa yake yi a gindin fure, sai ga wannan gajere mai tumbi da baƙin mai a farce. Sun saba tun lokacin da Danda ya yi masa shelar neman lebura.

Daga cikin tanti Danda ya ji waƙa a hankali. Ya leƙa ya ga Surajo zaune ba takalmi, gabansa ɗan hoto da ƴar fitila tana ci, ya ajiye furen kabewa guda, don shi ne furen da ake samu a nan. Danda ya ja da baya yana neman tsari a zuciyarsa, kowa da addininsa. Amma kunnen maroƙi ba ya kwana. Bai ji yaren ba, ya dai ji yadda ake jero sunaye ɗaya bayan ɗaya, murya tana hawa tana sauka, ya gane aikin.

Da Surajo ya fito ya ɗora shayi, Danda ya ce, "Wanga abu da kake yi ai wasa ne. Sana'ata ce, na gane ta. Mi yake ba ka in ka gama?"

"Ba komi."

"Kullum kana yi, kullum ba komi?"

"Kullum."

"To ni da kai iyayen gidanmu halinsu ɗaya," in ji Danda.

Surajo ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Ya miƙa masa shayi, ya ce a ƙasarsu masana sun daɗe suna magana a kan wannan. Akwai mai bauta don a ba shi, ba laifi, amma ciniki ne. Akwai kuma wanda ya ba da kansa gaba ɗaya, ya yi aikin da ke gabansa bai tsaya leƙen abin da zai fito ba. Ya ce wani yana son abin bautarsa kamar yadda bara ke son ubangidansa, wani kamar aboki, wata ma kamar uwa da ɗanta, har tana tsoron kada ya ji yunwa.

Danda ya riƙe kofin bai sha ba. Sai ya ji kansa yana ba wa baƙo labarin da bai ba matarsa ba, tun daga burtali har zuwa igiyar guga. Ya ƙare da cewa, "In na ƙi, na yi mishi gardama, yara su kwana da yunwa. In na yi, harshena ya zama najasa a bakina. Kuma wallahi haushinshi nika ji."

Surajo ya juya sukari a kofinsa. Can ya ce, "Kakata tana yi wa nata faɗa."

"Wa?"

"Wanda take bauta wa. Tana shara tana yi. Ta ce, kai da ba ka da gida, ba ka da riga, kana yawo da toka a jiki, ka ba wasu duniya kai ka zauna hannu wofi, wa ya aike ni in so ka? Ina yaro ina jin tsoro. Na ce, Kaka, zai yi fushi. Ta ce ba zai yi ba, ya san wanda ke magana. Da na girma na gane duk abin da take lissafawa laifi, shi ne dalilin da ya sa take son shi. Akwai waƙoƙi da yawa irin haka a wurinmu."

"Subhanallahi," in ji Danda. "Mu ba mu yi wa Allah haka."

"Na sani. Amma Mushe ba Allah ba ne."

"Ba shi ba ne kam. Mutum ne mai ban haushi."

Danda ya faɗi haka, sai ya ji kansa ya yi haske. Ya shanye shayin a kurɓi ɗaya ya miƙe. Surajo yana cewa, "Ita dai Kaka a cikin ɗaki take yi, daga ita sai shi," amma mutumin naku ya riga ya kai bakin hanya, leɓɓansa suna motsi.

Ran kasuwa aka kafa rumfa a gindin kuka, aka jera kujeru, konseye suka zauna cikin sababbin shaddoji masu ƙara in an motsa. Mutane sun zo daga ƙauyuka a amalanke da moto, har da na Korgom, Fulani masu nono sun tsaya daga gefe. Bayan an yi jawabai aka ɗora Danda a bayan motar Alhaji. Ya busa amsa-kuwwa ya ji tana aiki, ya share gumi.

"Jama'a, wa ya taɓa ganin magajin garin da ɗakinshi ke yoyo? Ku je ku gani, Ishaƙu na Furera, in an yi ruwa da kwano a ka yake kwana."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Alhaji ya gyara zama ya jinjina masa hannu.

"Ya hau mulki da moton da sai an tura ta, ya sauka da ita sai an tura ta. Wawan da aka kai wa zabi ya ce a mai da. Wawan da aka kai wa rago ya tambayi ragon ko ya ɓata hanya. Marar zumunci, wanda ya yanke gonar yayanshi don shanun mutanen da bai san sunansu ba su samu wurin wucewa. An ba shi makullin meri ya riƙe kamar amanar marayu, ya fito ko alli bai ɗauko ba."

Dariyar ta fara raguwa daga baya, wajen da Fulani suke tsaye. Wani tsoho ya sauke sandarsa daga kafaɗa. Danda ya ga haka, kansa ya ƙara zafi, kuma a nan ne harshe ya ƙwace masa, don maroƙi in ya ga taro ya kama ba ya sanin birki.

"Ku je ku leƙa rumbunshi, ɓera ma ya yi ƙaura. Ku tambayi matarshi ina kwanonin aurenta. Ni Danda ni na kai su Tasawa cikin buhu, ɗaya bayan ɗaya, na sayar aka sayi tsaba. Matar magajin gari guda, bangonta fayau kamar na bazawarar da aka kora."

Yanzu ba mai dariya. Mata sun rufe baki da gefen zane. Abin da ke cikin Danda tun ranar igiyar guga ya taso masa.

"Ni kuma na bi ka, Ishaƙu, rana da iska, ko hula ba ka taɓa sa mini ba. Na zo in ce maka ba ni zagin ka, ka ce in je in zage ka. To ga shi na zage ka. Wa ya aike ni in bi ka? Allah ya isa tsakanina da ranar da na ga hannunka a kan turken nan."

Alhaji Nasiru ba wawa ba ne. Ya dubi fuskokin mutane ya ga abin da aka yi masa da motarsa da batir ɗinsa. Bai yi faɗa ba, ya yi wa direbansa alama da ido, direban ya hau ya zare amsa-kuwwar daga kafaɗar Danda a hankali, kamar mai cire wa yaro wuƙa. Danda ya sauko mutane suna buɗa masa hanya. Ya rasa abincinsa, ya sani, amma yana tafiya yana jin kansa kamar wanda ya ci kokawa.

Washegari da aka idar da sallar asuba ya buɗe rumbunsa ya ciro damin hatsi. Habsatu tana kallonsa daga bakin murhu. "Jiya amsa-kuwwa, yau rumbu," in ji ta. Amma ita ta taya shi ɗorawa a ka.

Da ya isa ƙofar gidan Mushe ya tarar an riga shi. Dammuna jingine da katanga, ƙwaryar wake, ƙwaryar nono da faifai a rufe, har da ɗan akuya an ɗaure a jikin dalbejiya yana kuka. Ba kowa a wurin, duk wanda ya kawo ya ajiye ya sulale. Danda ya tura nasa a gefe, ya koma gida zuciyarsa fari ƙal. Da hantsi ya sa rigarsa mai kyau ya dawo, yana shirin yadda zai ce ai ba komai in an yi masa godiya.

Ya yi sallama a zaure. Muryar Furera ce ta amsa daga bayan asabari, kuma daga jin ta ya san ta sha kuka.

"Malam Danda, mi na yi maka?"

Ya tsaya cak.

"Na ba ka kwanonina don na ɗauke ka ɗan'uwa. Matan da nika gaisawa da su kaina a sama, yau su ne suka aiko mini da sadaka. Ɗiyata ta je rijiya an bar mata layi don tausayi, ta dawo ba ta ɗebo ba. Talaucin ga namu ne. Mu muka zaɓe shi, muka lulluɓe shi, ba mu roƙi kowa ba. Kai ka ɗauke shi ka kai kasuwa."

Sai a lokacin Danda ya ga abin da ya yi. Shi da ya tashi a gidan da ake cin abinci da faɗin sirrin mutane, ya manta cewa akwai gidajen da rufin asiri ne kaɗai dukiyarsu. Ya durƙusa a ƙasan zauren.

"Uwar gida, ki yafe mini."

Ya ji takunta yana komawa ciki.

Can Mushe Ishaƙu ya fito, ya tsaya a bakin ƙofa yana duban kayan da aka tara. Ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Tashi, Danda. Ita sai a hankali, kuma tana da gaskiya." Ya nuna kayan da haɓa. "Ka gani, manoma sun kawo, makiyaya sun kawo. In ƙwaya ɗaya ta shiga tukunyata, ranar da na tsaya gaban alƙali za a ce an saye ni, kuma mai faɗin haka ba zai zama maƙaryaci ba. Filin nan zai tahi saboda tuwon kwana kaɗan. Ban taɓa roƙon ka komi ba. Yau ina roƙon maroƙi. Ka zagaya gari ka ce na gode, Allah ya saka, kowa ya zo ya ɗauki nashi."

"Mushe, an karɓe amsa-kuwwar."

"Ubanka da mi ya yi?"

Danda ya dubi kayan. "Gidan ga ba hatsi. Ka sani, na sani, yanzu kowa ya sani. Ka bar ko dami guda saboda yara."

"Na hi ka sanin babu." Mushe ya matso ya dafa masa kafaɗa, abin da bai taɓa yi ba, hannun ba nauyi kamar na tsohuwa. "An faɗa mini duk abin da ka ce jiya. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Ka hwara da wancan na gehe. Duk garin ga kai kaɗai ke ɗaure dami haka, kamar mai gudun yaƙi."

Danda ya dubi damin, ya dubi mutumin. Ya so ya yi gardama, ya so ya sake zagin sa, ya so ya kama ƙafarsa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya sunkuya ya ɗaga damin, Mushe ya taya shi ɗorawa a ka.

Ya fita kan hanya da rigarsa mai kyau, ƙaiƙayin hatsi yana zubo masa a wuya. Kiran farko murya ta maƙale, sai da ya tsaya ya yi tari. Na biyu ta fita, tsirara ba batir, ta bugi katangun gari.

"Jama'a, Mushe Ishaƙu ya gode. Ya ce Allah ya saka da alheri. Mai dami ya zo ya ɗauki daminshi, mai wake ya zo ya ɗauki wakenshi, mai akuya ya zo ya kwance abinshi."

Ƙofofi suka fara buɗewa, mutane suna leƙowa, suna ganin damin da ke kansa suna sunkuyar da kai. Wata tsohuwa ta tare shi ta ce don Allah ya yi kamar bai ga gidanta ba, waken nan da zuciya ɗaya ta bayar. Danda ya ce mata ya sani, Iya, hawaye na gangaro masa ba hannun sharewa, ya sake faɗin saƙon a ƙofarta daga farko har ƙarshe. Ya bi lungu-lungu bai tsallake gida ko ɗaya ba, don ya san in ya koma Mushe zai tambaye shi, shi kuma ba zai iya yi masa ƙarya ba.